Mai Fiyano Da Mai Ƙwarya

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Fulatan da sauran ƙasar Rogo da Ƙaraye, domin daga wajenku tambayar yau ta fito.

Wata baiwar Allah ce ta aiko tana cewa, wai shi fiyanon nan da ake ta faɗa, waƙar fiyano, kiɗan fiyano, mene ne shi? Kuma da gaske ne akwai mutanen da tun suna yara har su tsufa ba su da wata sana'a sai kaɗa shi da koyar da shi? To 'yar uwa, da gaske ne. Yau za mu duba abin da kansa, mu duba rayuwar wata mace da ta ci abinci da shi shekara 60, daga nan mu dawo gida, domin mu ma muna da tamu, kuma garinsu bai da nisa da ku.

Abin da yawancinmu muka sani da sunan fiyano shi ne doguwar na'urar nan mai aiki da lantarki da ake ɗorawa a kan tebur a situdiyo, irin ta kamfanin Yamaha. Ta cika Kano ne tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin fina-finai irin su Sangaya suka shiga kowane gida. Yaro ɗaya zai zauna, ya danna nan ta ba shi ganga, ya danna can ta ba shi sarewa. To wannan jikanya ce. Kakar tana nan daban, kuma ita ba ruwanta da wuta ko batir.

Fiyano na asali katako ne da ƙarfe da waya. Babban, wanda ake kaɗawa a zauren taro, ƙafa uku gare shi, tsawonsa ya kusa mita 3, nauyinsa kuwa ya kusa kilo 500, wato kamar buhun masara 5. A gabansa akwai madannai 88 a jere kamar haƙora, farare 52, baƙaƙe 36. In aka ɗaga murfinsa za ki ga wayoyi sama da 200 an ja su tamau, kamar tsirkiyar garaya. Kowane madanni kika taɓa, wata 'yar guduma da aka naɗe wa kai da ulu za ta tashi ta bugi wayarta. Doguwar waya mai kauri ita ke ba da babbar murya, gajera siririya ta ba da ƙarama. Wani maƙeri ɗan ƙasar Italiya mai suna Kiristofori ne ya ƙirƙiro shi a birnin Fulorans wajen shekarar 1700. Kafin shi akwai wani abin kiɗa mai kama da shi, amma ko da ƙarfi kika danna ko a hankali, ƙara ɗaya zai ba ki. Shi kuwa wannan yana jin nauyin hannu. Sunan ma daga nan ya samo asali, domin kalmar a harshen mutanen Italiya tana nufin a hankali.

Kun ga ke nan ba ya yi wa mutum komai da kansa. Yatsu goma ne za su yi aiki, hannun dama na wani abu, na hagu na wani daban, ƙafa kuma tana taka wasu ƙarafa a ƙasa. Sannan kiɗan nasu a rubuce yake. Ana ja layi biyar a takarda a zuba ɗige-ɗige, kowane ɗigo yana gaya wa makaɗi wane madanni zai taɓa, tsawon wane lokaci, da ƙarfi ko a sannu. Shi ya sa kiɗan da wani Bajamushe mai suna Betoban ya tsara, wanda ya mutu tun 1827, har yau ake kaɗa shi yadda ya bar shi. Masu sauraro kuma su sayi tikiti, su zauna shiru kamar ana karatun wasiyya. Ba guɗa, ba rawa, ba liƙi, sai an gama a yi tafi. Ni dai na san wasu ƙawayena da ba za su kai minti biyar a wannan zaure ba.

Matar da zan ba ku labarinta sunanta Kilara Shuman. An haife ta a birnin Laifzig na ƙasar Jamus a 1819. Mahaifinta malamin fiyano ne, mutum mai zafin hali, kuma tun tana ƙarama ya ƙudura cewa wannan yarinya da ita zai nuna wa duniya iyawarsa. Tana da kamar shekara 5 auren iyayenta ya mutu, aka bar ta a hannun uban. Kullum awa guda ta darasi, awa biyu ta maimaitawa, ba fashi. Tana shekara 9 ta fara hawa dandamali a babban zauren garinsu, tana 11 aka shirya taro nata na kanta. Kafin ta cika 19 ta je Biyana, babban birnin Ostiriya, fadar sarkin ƙasar ta ba ta lambar girma mafi daraja da ake ba makaɗa.

Sai zancen aure ya taso, kun san kuwa ba a rasa rigima. Wani ɗalibin babanta mai suna Robat Shuman, wanda ya taɓa zama a gidansu, shi ta ce tana so. Uban ya ce atafau bai yarda ba, yaron ba shi da abin riƙe mace. Wasu kuma suka ce tsoronsa kada kazar da ke yi masa ƙwai ta koma wani akurki. Sai da aka je gaban alƙali, kotu ta ba su izini, aka ɗaura aure a watan Satumba na 1840, ana gobe za ta cika shekara 21. Ta haifi 'ya'ya 8 a cikin shekara 13, kuma a tsakanin goyo da ciki ba ta daina fita kiɗa ba, domin sau da yawa kuɗinta ne ke riƙe gidan.

A farkon 1854 mijin ya samu taɓin hankali, har ya faɗa kogi, masu jirgin ruwa suka tsamo shi. Aka kai shi gidan masu wannan lalura, ita kuwa tana ɗauke da cikin autansu. Likitoci suka hana ta ganinsa fiye da shekara 2, sai ana saura kwana biyu ya cika. Ya mutu a 1856, ya bar ta tana da shekara 36 da marayu 7. An so a haɗa mata taimako, ta ce a'a, hannunta na nan. Ta shiga yawon ƙasashe, Ingila kaɗai ta je ta kusa sau 20. Tana cikin na farko-farkon da suka riƙa hawa dandamali ba takarda a gabansu, kiɗan awa guda da ɗoriya duk a ka, kamar mai tilawa.

Kada in yi muku kwalliya da labarin, abin ya ci mata wani abu. Yaran rarraba su ta yi, wasu wajen dangi, wasu makarantar kwana, sai ta yi watanni ba ta gan su ba. Huɗu daga cikinsu sun riga ta mutuwa, ɗaya ya ƙare rayuwarsa a gidan masu taɓin hankali kamar ubansa, jikoki kuma suka dawo hannunta. Jikinta ma bai ƙyale ta ba. A tsakiyar shekarun 1870 ciwon hannu ya kama ta saboda yawan aiki, ta yi fiye da shekara guda ba ta fita kiɗa ba. Duk mai saƙa ko kitso ko ɗinkin hula ta san irin wannan ciwo, wanda ke farawa daga wuyan hannu ya hau har kafaɗa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ta tsara tsufanta. A 1878, tana da shekara 59, wata sabuwar makarantar kiɗa a birnin Farankfut ta neme ta ta zama malama. Ta ce ta yarda amma da sharaɗi: a gidanta za ta koyar, ɗalibai su zo su same ta, kuma kada ya wuce awa ɗaya da rabi a rana. Aka amince. 'Ya'yanta mata biyu su ke fara karɓar sababbin ɗalibai su gyara musu hannu, sai wanda ya yi ƙwari a miƙa shi wajen uwar. Ta yi shekara 14 tana wannan aiki, ɗalibai na zuwa daga Ingila har Amurka, yawancinsu 'yan mata. Taronta na ƙarshe ta yi shi a 1891, ta rasu a 1896 tana da shekara 76. Bayan kusan shekara 100 Jamusawa suka sa hotonta a takardar kuɗinsu ta mak 100, aka yi ta kashe ta har zuwa 2002 da kuɗin Yuro ya shigo. In kina da naira 20 a ƙullin zane ki juya bayanta, za ki ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Kusan abu ɗaya ne.

A Najeriya ma akwai waɗanda suka bi wannan layi, galibi a Kudu. Jami'ar Nsukka tana da sashen koyar da kiɗa tun farkon shekarun 1960, a Legas kuma akwai ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983, mai makaranta da zauren taro. Wani masani Bayarabe, Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya yi suna wajen tsara kiɗan da ke sa fiyano ya yi magana kamar gangunanmu na Afirka. A nan Arewa dai ba kasafai ake ganin na katakon ba.

To yanzu mu dawo gida. In aka ce a nemo macen Bahaushiya da ta riƙi kiɗa sana'a tun ƙuruciya har tsufa, ta ciyar da gida da shi, ta kuma horar da na bayanta, ai ba sai an yi dogon tunani ba. Hajiya Sa'adatu ce, wadda duniya ta sani da Barmani Coge, Allah ya jiƙanta. An haife ta a shekarun 1940 a ƙauyen Gwaigwayi na ƙasar Funtuwa, ga ku ga ita in kun tsallaka iyakar Katsina. Funtuwa kuwa gari ne na auduga da jirgin ƙasa, wanda ya tara baƙi daga ko'ina, kuma a nan Alhaji Mamman Shata ya yi zama mai tsawo. Yarinyar da ta tashi a irin wannan wuri kunnenta ya sha kiɗa iri-iri. An yi mata aure tana da kamar shekara 15, mijinta Alhaji Aliyu makaɗin garaya ne, saboda haka ba ta samu wanda zai ce mata ajiye ba. A farkon shekarun 1970 ta fito sosai, ta yi kusan shekara 40 ana jin ta, ga 'ya'ya fiye da goma da Allah ya ba ta.

Kayan aikinta duk kuna da su a gida. Ƙwarya ce. Amma bari in tsaya a nan kaɗan, domin mun raina ƙwarya ne saboda a cikinta muke dama fura. In kika kife ƙwarya a ƙasa kin kulle iska a cikinta, in kika buga bayanta iskar nan ce ke amsawa. Babban masaki iskarsa da yawa, sai ya ba da babbar murya, ƙaramar ƙwarya ta ba da siririya. Dokar da ke aiki a cikin wayoyin fiyano ita ce dai ke aiki a nan. Wadda aka kife a kan ruwa a cikin baho kuma ita ke ba da wannan gurnani mai shiga ƙirji, kuma in aka rage iskar da ke ƙarƙashinta ko aka ƙara, muryarta sai ta sauya. Ke nan masu amada su ma suna saita kayansu kafin a fara. Ƙwaryar da ta tsage kuwa ta mutu, ko gyartai ya ɗinke ta za ta koma ɗiban hatsi ne, muryar ba ta dawowa yadda take.

Sannan ba duka ɗaya duk suke yi ba. Ku tuna lugude. Mata biyu ko uku a turmi ɗaya, kowace taɓaryarta na sauka a gurbin da 'yar uwarta ta bari, in ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi nawa sai a yi karo. Haka kiɗan amada yake. Wata na riƙe da dukan da ba ya sauyawa, shi ne ginshiƙi. Wata na cike gurbi. Wata kuma ita ke yin kwalliya, ta shiga ta fita. Abin da mai fiyano ke raba wa yatsunta goma, su sun raba shi a tsakanin mata huɗu ko biyar, ga kuma amshi da baki a lokaci guda. Duk mai cewa wannan ba ilimi ba ne, a ba ta 'yan sanduna ta gwada.

Ita kanta amada a cikin gida aka haife ta. Masana sun ce asalinta bege ne, mata a tsakar gida suna yabon Manzon Allah (SAW) da waliyyai irin su Shehu Abdulƙadir Jilani. A hankali ta shiga biki da suna. A Kano Hajiya Uwaliya Mai Amada ce ta fara fito da ita fili, ta rasu a farkon shekarun 1980. Barmani ta ɗora daga nan, ta juya akalar waƙar zuwa ga rayuwar mace ta yau da kullum: zaman kishi, haihuwa da goyo, raggon miji, ƙazamar mace, neman ilimi, da kuma wanda ta fi nacewa a kai, wato mace ta kama sana'a ko ta ƙuli-ƙuli ce, kada ta zauna komai sai ta miƙa hannu. Mata nawa ne suka fara dafa ɗanwake ko saƙa tabarma saboda gorin da ta yi musu a kaset? Allah kaɗai ya sani.

A nan aikinta ya fi na mai fiyano wuya ta wani ɓangare. Ita waccan an rubuta mata, aikinta ta fitar da shi da kyau. Mai amada kuwa ita ce mai tsarawa, ita ce mai rerawa, ita ce mai jan ragamar makaɗa, duk a tsaye a gaban jama'a. Dole kafin ta shiga gidan biki ta san wace ce uwar amarya, wace ce uwar ango, su wa ke gaba da juna, wa za a ambata da farko. Ta hango wata hajiya ta shigo, nan take ta saƙa sunanta da na garinsu a cikin waƙar ba tare da kiɗa ya karye ba. In ta yi kuskure ta tsallake wata babba, ranar an yi asarar atamfa.

Na san wasu za su ce ai bakinta ba shi da linzami. Gaskiya ne, akwai waƙoƙinta da ba za ki so ki saurara tare da surukarki ba. Amma a yi mata adalci. Irin wannan magana an saba yin ta ne a tsakar gida, mata zalla, ƙofa a rufe, manya na yi wa amarya hannunka-mai-sanda cikin raha. Kaset ne ya ɗauke ta ya kai ta tasha da teburin mai shayi, inda ba don su aka yi ba. Maganar hukuncin kiɗa kuma malamai sun yi bayani mai yawa, akwai saɓani a tsakaninsu, wannan fili ba na fatawa ba ne, kowa ta tambayi malaminta.

Ta ina abinci ke fitowa? Ba tikiti, ba albashi. Liƙi ne da kari da tukuici, turmin atamfa, wani lokaci babbar kyauta daga masu hali. Abin da aka samu kuma ba nata ita kaɗai ba ne, sai an cire na mota, an raba wa makaɗa da 'yan amshi. Bayan kaka biki ya yi yawa a samu, damina ta faɗi kasuwa ta ja baya, azumi ya zo a jingine ƙore gaba ɗaya. Kaset kuwa ya yaɗa suna amma bai cika kawo kuɗi ba, domin mai shago zai sayi ɗaya ya buga ɗari. Sannan ba fansho. Ranar da murya ta dushe ko ƙafa ta ƙi, ranar samu ya tsaya. Wannan matsala ba ta Barmani kaɗai ba ce, ta kusan duk makaɗanmu ce.

Ga kuma wani hali namu da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Muna rawa da waƙarta, muna haddace ta, mu yi wa kishiya habaici da ita, amma in ɗanmu ya zo ya ce 'yar makaɗa zai aura sai fuska ta sauya, a ce maroƙa ne. Sai ga shi masu ilimi sun riga mu ganin darajarta. Wata Ba'amurkiya, Farfesa Beverly Mack, wadda ta zauna a Kano tana bincike, ta fitar da littafi a 2004 a kan waƙoƙin matan Hausa, da Barmani a ciki. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero shi ma ya yi rubutu a kanta, ya yi ƙoƙarin adana ayyukanta. Ta rasu a Funtuwa a watan Maris na 2013 bayan ta sha jinya.

Saura maganar koyarwa, wadda ita ce rabin tambayar 'yar uwarmu. Mu makarantarmu ba ta da allo ba ta da ƙararrawa. Yarinya za ta fara da ɗaukar kaya da zama a gefe. Ta yi watanni kunne kawai ke aiki. Sai a sa ta cikin amshi. In bakinta ya zauna a ba ta ƙwaryar da dukanta ba ya sauyawa, domin a ga ko tana da nutsuwa. Gyara kuwa a gaban jama'a ake yi, da harara ko da ɗaga gira. Sai ta yi shekaru kafin wata rana uwar ɗakinta ta gaji ta ce ja mana baiti biyu. Haka maza ma suke, Alhaji Musa Ɗanƙwairo a wajen mahaifinsa ya koya, 'ya'yansa kuma suka tashi suna yi masa amshi. Hanya ce mai kyau, tana fitar da gwanaye. Aibinta guda ne: a ƙirjin mutane take zaune, in aka samu tsara ɗaya da ba ta karɓa ba, shi ke nan igiya ta tsinke.

Ku duba wani abin mamaki. Ita Kilara babu wanda ke raye da ya taɓa jin kiɗan hannunta, domin ba a taɓa ɗaukarsa a faifai ba. Amma ta bar takarda ta bar ɗalibai, ɗaya daga cikinsu ma sai da ta tsufa, a farkon shekarun 1950, aka ɗauki kiɗanta don a ji yadda malamarta ta koya mata. Barmani kuwa muryarta na nan, ko yanzu kika ce yaro ya nemo miki a waya zai samo. Amma 'yan mata nawa ne a unguwarku za su iya zama su huɗu su riƙe kiɗan ƙwarya na minti goma bai watse ba?

Yanzu in an tashi biki sai a kira mai na'ura, ya zo da manyan lasifikoki da janareta. Yaro ɗaya ya karɓe abin da mata shida za su raba su kai gida. Ba wannan kaɗai ba. Amada mata ne ke yi wa mata, wadda ke cikin kulle ta cire mayafi ta taka son ranta ba wanda ya gan ta. Yau kuwa mu da kanmu muke shigo da ƙato tsakar gida ranar wuni, ga abokansa masu ɗaukar hoto a waya, gobe ki ji an ga rawarki a wani gari. Ban ce a fasa na'urar kowa ba, su ma yaran abinci suke nema. Amma uwar biki tana da zaɓi, kuma in ana kiran masu ƙwarya ana biyansu da mutunci, za a samu yaran da za su so su koya.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar ki fita ko ƙofar gida. Kusan kowane babban gida a ƙasar Rogo da Ƙaraye akwai tsohuwar da ta san waƙar niƙa, ta daɓe, ta shantu, ta reno, waɗanda injin niƙa da siminti suka kora. Ki nemi yardarta, ki sanar da maigida, ranar da aiki ya yi sauƙi ki zauna da ita ki ɗauka a waya. Kafin ta fara, ta faɗi garin da ta koya da wadda ta koya mata, ke kuma ki faɗi shekarar da ake ciki. In da ƙwarya za a yi, kada ki ajiye wayar a kusa da ita, ƙarar za ta danne muryar. Ki matsar da ita kamar kamu biyu, ta fi kusa da bakin mai waƙar. Ki kira 'yan matan gidan su zauna su yi amshi, ko suna dariya ki ƙyale su. In kin gama ki tura wa wata 'yar uwa ta ajiye miki kwafi, domin waya ba ta da alƙawari, yau tana hannu gobe ta faɗa rijiya.